Inda Torfi Ya Fuskanta

Tulin duwatsu talatin da ɗaya ne tsakanin bukkar makiyaya da ke kan tudu da gidan Steinunn. Kakanni ne suka jera su, kowanne ya kai kafaɗar mutum, don in dusar ƙanƙara ta rufe ido a bi su ana ƙirgawa har gida. Mutum ɗaya ne kawai ba su kawo ba, Torfi, mahaifin Steinunn. Ya hau neman tumaki tana 'yar shekara tara, har yau ko maɓallin rigarsa ba a tsinta ba.

Bayan shekara hamsin sai ga 'yan fim daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, wai labarin Torfi za su ɗauka. Daraktan, wani dogo mai suna Ketill, yana da fara'a, amma kana ganinsa ka san bai taɓa riƙe ƙahon rago ba. Steinunn ta ba su kofi, ta ba su labari, har ta ara musu rigar ulun da mahaifinta ya bari rataye a ƙusa. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne mutum-mutumin roba da suka ƙera da kamannin Torfi, wanda za su zaunar cikin ƙanƙara a matsayin gawarsa. A kicin ɗinta Ketill ya nuna mata zanen wurin.

"Ina yake kallo a nan?" in ji ta.

"Kwazazzabo. Haske ya fi kyau ta can."

"Haske! Kai yaro, mutum ya bar mace da 'ya'ya uku a gida, sai ya zauna yana kallon rami? Ku juya shi ya fuskanci gida."

"Haba Steinunn, wa zai gane a fim?"

"Ni zan gane."

Ya yi dariya, ya ce zai duba. Ita kuwa ta ɗauke kofin daga gabansa tun bai shanye ba.

A sati na uku rediyo ta ce guguwa na tafe. 'Yan fim suka gangaro a gurguje, suka bar tarkacensu a kan tudu. Washegari gari ya waye tas, ga tumakin Steinunn biyu ba su sauko ba. Mijinta Oddur, da gwiwa ta hana shi hawa, ya ce ta bari.

"Ke da taurin kai! Tumaki biyu ne fa."

"In na bar su, kai za ka haifa min wasu?"

Ta cusa busasshen kifi a aljihu ta hau. Ba ta ga tumaki ba. Da tsakar rana ta juyo, tana tuli na shida iska ta canza, nan da nan sama da ƙasa suka zama abu ɗaya, fari fat.

Ba ta tsorata ba. Ta yi yadda aka koya mata: ta dafa tuli, ta jira iska ta ɗan sarara, ta hango na gaba, ta nufe shi. Goma sha biyar. Ashirin da biyu. Yatsun ƙafarta suka daina yi mata ciwo, ta kuma san wannan ba alheri ba ne. Talatin. Talatin da ɗaya. Ta miƙa hannu ta laluba shingen gidanta, babu shinge, babu haushin kare. Iska ta sarara, sai ga wani tuli a gaba yana jiranta.

Talatin da biyu.

Ta ƙarasa ta jingina da shi, sai ya gusa. Ta kama shi da hannu biyu, ta ɗaga shi sama kamar kwalin da ba kome a ciki. Soso ne aka yi wa fenti. Ashe marasa kan gadon 'yan fim ɗin nan nasu tulin suka jera, suka karkatar da hanya zuwa bakin kwazazzabo don hoto ya yi kyau! A tuli na nawa ta bar hanya, ba ta sani ba. Ta juya za ta koma, sai ga ɗaya daga cikin tulin soson da ta baro ya wuce ta gefenta a tsaye, sululu, ba ƙara, ya ɓace cikin fari. Wani ya biyo shi. Wayarta kuwa sanyi ya kashe ta tun tuni. Tana jin ƙugin ruwan kwazazzabon, amma ta ko'ina yake zuwa.

A nan ta ga mutum zaune.

Ta san ko mene ne, ita ta ba da rigar da hannunta. Duk da haka sai ta ji bakinta ya ce, "Sannu, Baba."

Ƙanƙara ta kama masa gashin ido. Ga ɗinkin da mahaifiyarta ta yi a gwiwar hannun rigar. Abin da ya fi tayar mata da tsigar jiki shi ne ta girme shi nesa ba kusa ba. Ta durƙusa a gefensa, ya tare mata iska, wani barci mai daɗi ya fara jan ta. Ta san wanda ya zauna a nan ba ya tashi.

Ta dubi inda idonsa ya kafe. In Ketill ya ji maganarta, gida ke can. In bai ji ba, rami ne, kuma ba za ta gan shi ba sai ƙafarta ta taka iska. Ta tuna dariyar yaron, ta tuna kofin da ta ɗauke masa, kuka ya zo mata.

"Baba, ara min rigarka," in ji ta.

Da ƙyar ta zare ta daga sandararrun hannuwan, ta saka a kan tata. Ta tsaya a gabansa, ta saita bayanta da fuskarsa, ta fara takawa. Kowane taku sai ta jira ƙasa ta amsa. Ba ta san iya tafiyar da ta yi ba, sai ji ta yi gwiwarta ta bugu da wani abu, ƙwal. Dutse ne na gaske. Ta rungume shi tana kuka, ta lalubo ƙahon ragon da ke maƙale a jikinsa shekara da shekaru. Da ƙahon ta gane tuli na ashirin da huɗu ne; daga nan ta ci gaba da ƙirgawa har gida.

Yatsun ƙafa biyu ta rasa. Bayan kwana shida Ketill ya zo gidan, hula a hannu, ya kasa haɗa ido da ita. Ta zage shi tas a kan tulin soso, sannan ta sa Oddur ya zuba masa kofi.

"Abu ɗaya ya cece ka," ta ce. "Ka juya shi."

Ketill ya ajiye kofin. "Ba mu juya shi ba."

"Kamar yaya?"

"Kwazazzabo muka bar shi yana kallo. Da ƙarfe huɗu muka kafe shi a jikin dutse, don kada iska ta motsa shi." Ya nuna musu hoton a waya. "Yau da safe muka hau ɗauko shi. Ƙarafan na nan yadda muka bar su. Shi ne babu."

"Iska ce," in ji Oddur da sauri. "Iskar da ke ɗaga rufin gida?"

Steinunn ta miƙe tana ɗingishi, ta ɗauko rigar ulun, ta rataye ta a ƙusarta ta dā kusa da ƙofa. Ta leƙa taga, ta daɗe tana kallon tudu.

"Oddur," in ji ta, "daga yau kada ka ƙara sa wa ƙofar nan sakata."