Minti Uku a Gindin Falwaya

Shekara uku ke nan Gogo ba ta ji muryar ɗanta ba. An tura Sabitu karatun injiniya wata ƙasa mai sanyi a Turai, wadda har yau Gogo ba ta iya riƙe sunanta ba. Shi ne ɗan farinta, shi kaɗai kuma ya rayu cikin biyar ɗin da ta haifa. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "yaron nan".

Wasiƙunsa suna zuwa ta hannun ƙanenta, Alhaji Dalhatu, ɗan kwangila a Dutsin-Ma. Shi yake tasowa har Kurfi ya karanta mata. Yanar ido ta rufe wa Gogo gani, kuma ko da tana gani ba ta yi boko ba, amma in ya gama sai ta karɓi takardar ta shafa bayanta. Sabitu yana da nauyin hannu, bironsa yakan danna takarda har rubutun ya taso ta baya kamar zanen ƙwarya. Da wannan take gane shi.

Bara sai takardun suka sake. Ta shafa, ta ji wasu 'yan ɗigo-ɗigo a jere, ba hannun kowa ba. A watan ne kuma aka yi ta faɗi a kasuwar Kurfi wai wani ɗalibi ɗan ƙasar Katsina ya rasu can, sanyi ya kama masa ƙirji. Alhaji ya rantse mata ba Sabitu ba ne, ya ce yaron tafireta ya samu. Ta sha jin ƙarar tafireta a shagon Alhajin kansa, kuma ta san ƙanenta tun yana goye: mutum ne da zai iya yi mata ƙarya don tausayi har ranar da za a kai ta kushewa.

Da Alhaji ya ga tana ramewa, ya rubuta wa Sabitu. Bayan wata biyu amsa ta zo. Sabitu ya nemi a haɗa shi da tarhon gidan kawunsa ranar Juma'a, minti uku aka ba shi, kiran zai iya shigowa kowane lokaci daga tsakar rana zuwa la'asar.

Ranar Alhamis Gogo ta shigo motar kasuwa ta sauka Dutsin-Ma, da ƙullin kayanta da ɗan daddawa na tsaraba. Tun a zaure ta lura gaisuwar Rekiya, matar Alhaji, ba ta da ƙarfi.

"Mi ya faru?" in ji ta.

"Gogo, tarhon ne. Tun ruwan da aka yi ran Talata ya ɗauke. Amma Alhaji ya aika ofishin waya, gobe da safe mai gyara zai zo."

Gogo ta aje ƙullinta. "To," kawai ta ce. A ranta kuwa cewa ta yi, daman haka za a yi. Wanda ba shi da muryar da zai ba ka, ai sai ya ce waya ta lalace.

Da hantsi mai gyaran ya iso a kan keke, da tsani a ɗaure a gefe da jakar kaya a baya. Sunansa Julius, mutumin kudancin Zariya ne, ya fi shekara goma a garin, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Tarhon yana cikin shagon Alhaji, ɗakin da ke jikin zaure mai ƙofar ƙarfe, inda yake aje takardun kwangila. Gogo ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a kusurwa. Ba ta gani sosai, amma ba abin da ya wuce kunnenta.

Ta ji ya ɗaga kan tarhon, ya hura, ya ƙwanƙwasa.

"Ko numfashi ba ya yi," in ji shi. "Lafiyayyen layi, Mama, in kin sa a kunne za ki ji yana ɗan gurnani. Wannan shiru ne kamar rijiya."

"To ka tashe shi, ɗan nan."

"Sai na san inda ya kwanta tukuna. Daga gida ake farawa, a bi shi a hankali har waje."

Ya durƙusa ya bi igiyar da hannu har bayan kabad, ya yi tsaki, ya ce ɓeraye sun ɗan taɓa amma ba su ne masu laifi ba. Ya naɗe wurin. Ya ciro wani ƙaramin kan tarho daga jakarsa, mai gajeriyar igiya da matsa biyu kamar bakin kada, ya ce da shi yake sauraren layi a ko'ina. Ya maƙala a jikin bango. Shiru.

"Ciwon ba a ɗakin nan yake ba, ranka ya daɗe. Yana waje." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Amma Alhaji, bari in sake maimaita maganar da na yi maka bara. Akwai ɗan akwatin nan da muke sawa. Layi ɗaya ya shigo, shi kuma ya raba shi: kai ɗaya a nan, ɗaya cikin gida wurin Hajiya, in ka so ɗaya a zaure. In an kira duk su yi ƙara, wanda ke kusa ya ɗauka. In ɗaya ya lalace ma, da sauran za a gane ko layin ne ko kan. Gida babba irin wannan, kai ɗaya a ɗaki ɗaya?"

Alhaji ya yi dariya. "Wato ina maganar siminti da mutanen Kano, Rekiya da ƙawayenta suna saurare daga ɗaka? Yara kuma su mai da shi abin wasa. Kai dai gyara wanda ke akwai, Juli."

"Mu da ba mu san kowa ba a Kano," in ji Rekiya daga bakin ƙofa. "Sai dai mu ji yana ta kuka mu ce Allah Ya kawo mai shi."

Julius ya fita da tsaninsa. Gogo ta zauna tana jan carbi, tana jin rana na hawa ta zafin kwanon rufi. Can sai ta ji muryarsa nesa yana faɗa da wasu awaki, can kuma shiru. Falwaya ta farko, wadda ke ƙofar gida, ba komai. Ta biyu ba komai. Sai wajen ƙarfe sha biyu ya dawo, gumi ya jiƙe masa riga, da guntuwar waya a hannu. Ya sa mata a tafi don ta shafa. Ta ji ta a goge, tsatsa na marmashewa.

"Reshen bishiyar bedi ne a falwaya ta huɗu, Mama. Iska na kaɗa shi yana cin wayar, ruwa ya shiga ya ƙarasa. Na sare reshen, na sa sabuwa. Duk wayar da na zo da ita ta ƙare a can, ko taƙi ɗaya bai rage ba."

Ya ɗora mata kan tarhon a kunne. Gurnani ne siriri, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Karon farko cikin shekara guda ta yarda a ranta cewa wataƙila, wataƙila.

Julius ya ce ba zai tafi ba sai kiran ya shigo. Ya jingina tsaninsa a falwayar ƙofar gida, ya zauna a inuwa, Rekiya ta aiko masa da fura.

Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta wuce. Gogo ba ta motsa ba, har aka fara kiran sallar Juma'a. Alwalarta ta karye tun ɗazu, tana ta daurewa. Daga ƙarshe ta dafa bango ta miƙe, ta ce bari ta kewaya ta dawo yanzu-yanzu. Tana bayan gida Alhaji ya fito a gurguje da babbar riga da darduma, ya makara. Ya leƙa shago, ba kowa. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi kullum shekara da shekaru: ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya jefa mabuɗi aljihu. Ya tafi masallaci tare da duk wani namiji na unguwar.

Gogo tana tsakar gida, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, ta ji ƙarar.

Ba ta san yadda ta kai zaure ba. Ta tura ƙofar shago, ƙarfe ya amsa mata. Ta lalubo kwaɗon, ta ja, ta sake ja. A ciki tarhon yana ta kuka, ya tsaya, ya sake.

"Rekiya! Mabuɗi!"

"Innalillahi! Yana wurin Alhaji!"

Rekiya ta ruga ta ɗauko taɓarya ta hau dukan kwaɗon. Julius ya leƙo, kallo ɗaya ya yi. "Hajiya, wannan ba zai karye ba kafin su katse. Kawo Mama waje!"

Kafin Rekiya ta jawo ta zuwa gindin falwaya, har ya kai sama, ya maƙala ƙaramin kan tarhonsa a jikin layin. Gogo ta ji ƙarar cikin shago ta tsaya cak, sai muryar Julius daga bisa kanta yana Turanci da ƙarfi. Sa'annan ya juya Hausa.

"Shi ne, Mama! Sabitu ne! Yana gaishe ki!"

"Miƙo mani."

"Igiyar ba ta kai ba. Kamu biyu ce duka."

"Ƙara mata!"

"Ba ni da waya, Mama, na gaya miki ta ƙare!"

Gogo ta kama tsanin. Ta sa ƙafa a matakin farko, Rekiya na riƙe da ƙugunta tana salati. Ta hau na biyu. A na uku gwiwarta ta ƙi, ta yi ta yi, ƙafar ta tsaya kamar ba tata ba. Julius ya sunkuyo har tsanin na lilo, ya saki kan tarhon yana reto iya tsawon igiyarsa. Ta miƙa hannu ta kamo iska. Tsakaninsu ya fi tsayin mutum. Ta karkata kunne, ta riƙe numfashi. Akwai wani abu can sama, ɗan ƙis-ƙis kamar kukan sauro. Zai iya zama mutum. Zai iya zama komai.

"Minti ɗaya ya rage, Mama. Yi magana, shi zai ji ki!"

Ba ta taɓa kama sunan ba, ko ranar da aka raɗa shi. Ta ɗaga kai a tsakiyar titi, ɗankwalinta ya zame, ta ƙwala shi.

"Sabitu! Sabitu, in kai ne, ka dawo gida!"

Julius ya mai da kan kunnensa. "Ya ji. Ya ce a gaya wa Inna yana lafiya, hannunsa ne ya ƙone a wurin aiki shi ya sa yake buga tafireta. Ya ce sai bayan jarrabawa zai samu ya sake kira, wata takwas. Ya ce…" Ya hura, ya kira sunan sau biyu. "Sun katse."

Da aka sauko daga masallaci Alhaji ya tarar da yayarsa zaune a ƙasa a gindin falwaya, da taɓarya yashe a zaure. Ba wanda ya yi masa bayani, ya gane. Ya ciro mabuɗin ya tsaya yana kallonsa.

"Yaya, wallahi ban…"

"Na sani," in ji ta.

Alhaji ya juya wurin Julius. "Juli, gobe ka kawo akwatin nan. Ka sa kai uku. Ka sa huɗu."

Gogo ta yafito Julius da hannu, ya durƙusa kusa da ita. Ta rage murya don kada Alhaji ya ji.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allahnka. Muryar, yaya take?"

"Muryar saurayi ce, Mama, mai kauri. Yana ɗan i'ina. Da zai ce Inna sai da ya maimaita sau uku."

Fuskarta ta ɗan saki, kamar za ta yi murmushi. Sai kuma ta koma yadda take.

"Kowa ya san yana i'ina," in ji ta. "Dalhatu ma ya sani."

"Mama, ni ban taɓa ganinsa ba. Abin da na ji na faɗa."

"Haka Dalhatu ke cewa in ya gama karatu."

Ranar Asabar Julius ya kafa akwatin a bangon zaure, ya ja waya ta bi ƙarƙashin indararo har ɗakin Rekiya. Ya gwada daga ofis, kawunan duka suka yi ƙara tare, har kaji suka watse. Aiki ya yi kyau, kowa ya faɗa.

Gogo ba ta koma Kurfi ba. Aka aiko geronta ya isa yanka, ta ce a yanka. Aka aiko akuyarta ta haihu, ta ce a bar wa maƙwabta. Ta mai da tabarmarta gefen ɗan teburin da tarhon ke kai, nan take cin abinci, nan take salla. Duk kiran da ya shigo ita ke fara ɗauka, ta saurari mutanen Kano suna tambayar siminti, ta miƙa. In gida ya yi tsit da rana sai ta ɗaga kan ta sa a kunne, don ta tabbata gurnanin yana nan.

"Gogo, in kina riƙe da shi kira ba ya shigowa," in ji Rekiya.

Ta yi sauri ta mayar, ta shafa ta ji ya zauna daidai, ta naɗe hannuwanta a cinya.