Fiffiken Hagu

Duk ƙauyenmu an san dalilin da ya sa tsuntsun ƙarshe a dardumar Iya Tsvetana yake da fiffike ɗaya. Tana tsakiyar saƙa shi aka zo mata da labarin ramin ma'adinai ya rufta da ɗanta Stoil. Bayan arba'in ta koma bakin saƙa, ta tsallake fiffiken hagu da gangan, ta ƙarasa dardumarta.

Ni ce malamar lissafi a makarantar ƙauyen. Wani kamfani ya zo daga Sofiya, babban birninmu, neman kayan gargajiya da zai zuba a manhajar koyar da lissafi, suka ƙyalla ido suka ga dardumar. Wai da ita za a nuna wa yara yadda dama take daidaita da hagu. Iya ta yarda, har ta gasa musu banitsa, wainarmu mai cuku. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a taɓa mata tsuntsu. Suka yi ta gyaɗa kai, baki cike.

Da manhajar ta fito, na buɗe darasin sai na ga an rubuta: "Nemo kuskuren masaƙiya." Raina ya ɓaci, na kira Plamen, shugaban aikin.

"Plamen, ba a gabana kuka yi wa tsohuwar nan alkawari ba?"

"Haba Malama, ai ba mu taɓa dardumar ba, hoto ne kawai. Kuma darasin da yara suka fi so ke nan."

"Ɗanta ne fa."

"Allah sarki. To amma an riga an tura wa makarantu."

Ranar ƙaddamarwa shugaban makarantarmu, sarkin son a sani, ya aika aka ɗauko Iya, aka zaunar da ita a gaba da baƙin kallabinta. Na yi niyyar tsallake darasin, ya ce shi ne ma abin nunawa. Wata ɗaliba, Nevena, ta dangwala yatsa a kan kwamfutar hannu. Fiffiken hagu ya tsiro wa tsuntsun, na'urar ta yi tafi, baƙi suka taya ta.

Iya ta miƙa hannu aka ba ta. Ta daɗe tana kallon tsuntsun da fiffikensa biyu, har na fara zaton abin ya yi mata daɗi.

"Malama, me aka rubuta a ƙasan nan? Ban zo da tabarau ba."

Ina laluben ƙaryar da zan yi mata, Nevena ta riga ni, da murya tar kamar yadda na koya musu: "Madalla! Kin gyara kuskuren masaƙiya!"

Iya ta mayar wa yarinyar da kwamfutar a hankali, ta dafa tebur ta miƙe.

"Yarinya, tsuntsun nan sunansa Stoil," in ji ta.