Baƙon Yaya Usuman Ranar Karatun Sadiyya

Yayana Usuman in ya fara yabon abu sai ya sa ka tsane shi. Direba ne a wani otal, kuma da yake a Damagaram ya yi boko, duk baƙon da ke jin Faransanci shi ake haɗa wa. Haka ya samu wani marubuci Bafaranshe da ya zo baje kolin littattafai a nan Jidda. Daga ranar ba mu ƙara sakat ba: wai an juya littattafansa a kowane yare, wai ya kwashe lambobin yabo, wai kaf marubutan zamanin nan babu mai kama ƙafarsa.

Matarsa Sadiyya ma tana rubutu. 'Yan matan unguwarmu Kurayyat, haifaffun nan, suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta, don haka duk Alhamis bayan la'asar sukan cika falonta ta karanta musu babi ɗaya. Yaya bai taɓa saurara ba, tatsuniyar mata yake kiran abin.

Sai ga shi ya gayyato baƙon cin tuwo, ranar Alhamis ɗin kuwa.

"Halas, magana ta ƙare, yau ba karatu," ya ce mata. "Kada ki kunyata ni gaban marubuci na gaske."

Ni ma da nake ƙanwarsa sai da maganar ta ƙona min rai. Sadiyya ta ci gaba da tuƙa tuwonta, ta amsa masa da alkunyar da take kiransa da ita.

"Ban kira 'yan matan ba, Abu Rayan, ba kuma ni zan kore su ba."

Da Yaya ya iso da baƙon, takalma sun cika matakalar bene har ƙasa. Yaya ya washe baki, ya ce wa baƙon ai labarin zuwansa ne ya zaga unguwa. Baƙon, bawan Allah, har da gyara wuyan riga. Sai Lama, 'yar maƙwabta, ta leƙo ta dubi Yaya, wanda suke kira Ammu, wato baffa da Larabci.

"Ammu, wane ne wannan? Yalla, maza ku shige ɗakin baƙi, Khala Sadiyya za ta fara."

Dole Yaya ya faɗi gaskiya. Baƙon ya yi dariya, ya ce shi jiya a taronsa kujeru sun fi mutane yawa. Ya roƙa a bar shi ya zauna bayan labule, Yaya ya riƙa fassara masa.

Sadiyya ta fara. Labarin wata tsohuwa ne da ta zo Hajji tana yarinya ba ta koma ba, yanzu tana neman hanyar garinsu. Yaya yana fassarawa yana cin magani. Can sai muryarsa ta yi ƙasa, fassarar ta fara tsinkewa, daga baya ta ɗauke ɗif.

Baƙon ya taɓa masa gwiwa, yana tambaya me ya faru.

"Don Allah, Malam, yi mana shiru," in ji Yaya, da Hausa.