Siket Ɗin da Don Eleuterio Ya Ɗinka

Kwana tara ke nan da Wilmer, direban motar kamfanin noman kofi da take yi wa aiki, ya yi wa Nohemí fyaɗe a hanyar dawowa daga gona, kuma har yanzu ba ta gaya wa mahaifinta ba. Ta je asibiti, ta kai ƙara wurin 'yan sanda, duk wannan ta iya. Amma da ta iso bakin shagon mahaifin nata, Don Eleuterio, ta ji ƙarar keken ɗinkinsa, sai ta fasa tayar da maganar. Dattijo ne mai tsauri, ba ya fashin coci, shi kaɗai ya rene ta tun rasuwar mahaifiyarta. Tsoronta kada ya yi mata tambayar da ɗan sanda ya yi mata: me ya kai ta zama a gaban mota?

Ranar Asabar da hantsi ta dafa masa wake da soyayyar ayaba, ta nufi shagon ta ƙofar baya. Kafin ta ɗaga labule ta ji muryar Doña Chepa, maƙwabciyarsu, wadda ta zo karɓar ɗinki.

"Ni ba gulma nake yi ba, Don Eleuterio, amma duk gari zancen ake. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya biyu, za a ɓata masa rayuwa. Ita kuma ka dubi siket ɗin da take sawa, ko gwiwa bai rufe ba. Namiji ai namiji ne."

Keken ya tsaya. Nohemí ta jingina da bango.

"Shuɗin nan kike nufi?" in ji mahaifinta. "Ni na auna, ni na yanka, ni na ɗinka. In siket ne ya kashe mota a tsakiyar daji ya kulle ƙofa, to a zo a kama ni."

"Haba, ai ni ba haka nake nufi ba."

"Sau nawa 'yarki ta zauna a gaban motar nan saboda buhuna sun cika baya? Da ita abin ya faɗa wa, haka za ki ce? Ga rigarki, na gama. A gaida gida."

Matar ta ɗauki rigarta ta fita. Can ya ce, "Shigo, 'yata. Ina ganin ƙafafunki ta ƙarƙashin labule."

Ta shigo ta ajiye farantin. Ashe tun Talata ya ji labarin a wurin mai aski.

"Kullum sai in ce yau zan yi miki magana," in ji shi, yana murza tef ɗin awo a hannu. "Ban san ta inda zan fara ba. Mahaifiyarki ce ta iya irin wannan."

"Baba, na zaci za ka ce laifina ne."

"Laifin me? Aiki kika je."

Nan kukan da ta riƙe kwana tara ya ƙwace mata. Ya jawo mata kujerar masu jiran ɗinki, ya zauna gefenta har ta yi shiru don kanta, sannan suka ci waken tare, ya riga ya huce.

Ranar Litinin ya rufe shago, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya raka ta ofishin mai gabatar da ƙara a babban gari. A kan bencin jira suka tarar da wata mata daga ƙauyen da ke gaba da nasu. Ita ma Wilmer ne ya yi mata haka, shekara biyu da suka wuce. Ta ce sai da ta ji wata ta kai ƙara sannan ta iya fitowa.

Kafin mako ya ƙare kamfani ya karɓe makullin mota daga hannun Wilmer. Shari'a dai da sauranta, kuma akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwar Nohemí a kasuwa. Amma a ranar nan ta Litinin, cikin bas ɗin komawa gida, barci ya ɗauke ta a kafaɗar mahaifinta tun kafin su fita gari, sai da ya girgiza ta sau biyu da suka iso.