Makin Magarya

"Sha bakwai," in ji firinsifal, yana karkaɗa takardar sakamakon jarrabawa. "Lissafi sha takwas. Alhaji, a nan ko talatin da tara fel ne. Arba'in ake ce wa fas, kiredit kuwa sai hamsin. Yarinyar nan sai dai ta koma firamare."

Kawu Sama'ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya tsallaka Nijar ya ɗauko Khairiyya, 'yar ƙanwarsa, daga Magarya bayan rasuwar ubanta, kuma duk kasuwar hatsi ta Babura babu wanda bai cika wa kunne da labarin ƙoƙarinta ba. Yanzu ga shi za a zaunar da 'yar shekara sha huɗu benci ɗaya da masu majina.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe," ya ce. "Wallahi ban san haka abin yake ba."

"Malam," in ji Khairiyya, kanta a ƙasa, "a can bisa ashirin ake ba da maki, ba bisa ɗari ba."

Firinsifal ya yi murmushin wanda ya sha jin uzurin ɗalibai. Ya aika a kira malamin lissafi, aka wuce aji uku na ƙaramar sakandare, ajin da take nema. Malamin ya rubuta wani dogon lissafin rabawa a allo, ya miƙa mata alli.

Ta ja layi a tsaye, ta kai lambar rabawar hannun dama kamar yadda aka koya mata a can. Aji ya fashe da dariya, wani ya ce a bai-bai ta fara. Kawu ya shiga salati a zuci. Ita ko waiwaye ba ta yi ba. Kafin malamin ya kai rabin nasa a takarda, ta ajiye alli.

Malamin ya ƙarasa, ya dubi allo, ya dubi takardarsa. Ya ba ta wani mai wuya, ta cinye. Ya ƙara na uku, dariya ta ɗauke ɗif.

"Kar wanda ya goge min allon nan," ya ce. "Ranka ya daɗe, wannan tawa ce."

Daɗi ya kashe Kawu har hawaye ya zubo masa, bai kuma damu da ya share ba. Ya juya ga firinsifal.

"Ranka ya daɗe, kayan 'yan sakandare, yadi nawa zan yanko?"