Kibiyar Soso Daga Hawa Na Bakwai

Kibiyar soson ta fita da ƙarar iska, ta yi kamar za ta tsallake titin, sai ta sunkuyar da kai ta gangara a hankali har ta faɗa kan rumfar mai sayar da lemo.

"Ta goma sha ɗaya ke nan," in ji Lok-yi. Ta ɗauke ƙafarta daga kan famfon keke, ta share gumi da gefen riga. "Kawu Kam, nan da mako guda mutumin nan zai buɗe shagon kibiyoyi."

Kawu Kam bai yi dariya ba, don dariya tari take jawo masa. Yana zaune a bakin gado, bindigar iskar da ya haɗa da bututun masu aikin famfo tana kwance a kan ƙarafan shanya da ke wajen taga. Gadon nan da tebur mai naɗewa da tukunyar lantarki su ne duk ɗakin. Asalin gidan na iyali ɗaya ne, mai gida ya yanka shi biyar da katako. Lok-yi da mahaifiyarta suna cikin yankin da ke manne da nasa, suna jin tarinsa kamar daga ƙarƙashin matashinsu yake fitowa.

Abin da yake nema taga ce a tsallaken titi, hawa na uku, a gidan kula da tsofaffi. Kullum da rana akan ajiye matarsa, Goggo Fung, a bayan gilashin nan cikin keken guragu. Shekara biyu ke nan da kai ta can, tun da tunaninta ya watse. In an ba ta waya sai ta juya ta a hannu kamar sabulu ta mayar. Shi kuma wata goma sha huɗu rabonsa da sauka, don shekara arba'in na shaƙar hayaƙin roba a masana'antar kayan wasan yara sun cinye masa huhu, ginin kuwa ba shi da na'urar hawa. Sau ɗaya masu motar asibiti suka zo da kujerar ɗauka, ya ƙanƙame ƙarfen gado har suka gaji.

"In suka sauke ni, ba tsallaken titi za su kai ni ba," ya taɓa ce wa Lok-yi. "Mai gida kuma ya gama auna ɗakin da ido. Ba ya son a mutu masa a ciki, haya za ta yi wuya."

A masana'antar suka haɗu da Goggo Fung. Tana aiki a wani ɗakin gilashi, shi kuma in yana son ta ɗago sai ya manna mata kibiya mai kan roba a gilashin. Ya sa a ransa cewa in ta manta muryarsa, ba za ta manta wannan ba.

Lok-yi ta jawo bindigar ta juya ta. Shekara huɗu ta yi tana karatun injiniya a jami'a, ta fito da sakamakon da malamanta suka yi ta yabo, ga ta yau tana manna wa mutane gilashin kariya a kan wayoyinsu a kasuwar Sham Shui Po. Ba ta taɓa sunkuyar da kai kan hakan ba. Duk wanda ya tambaye ta aikinta, injiniya take cewa, ta kafe shi da ido har ya sauya magana. Lissafin bindigar nan ta yi shi sau uku a bayan takardar kalanda, kuma lissafin ya ce kibiya ta isa.

Yatsarta ce ta ji shi kafin idonta ya gani. Wani ɗan rami ne kamar na allura, a ƙasan bututun, dab da bawul ɗin sakin iska.

"Kawu, wannan fa?"

"Rami ne."

"Na ga rami ne. Wa ya huda shi?"

"Ni."

"Kwana tara ina buga famfo kamar jaka, ashe kai ne kake zubar da iskar?"

"Kowace bindiga da ta fita daga hannuna tana da shi." Ya dakata ya jawo numfashi. "Shi ke rage mata ƙarfi. Shekara arba'in, ba a taɓa dawo mana da kaya saboda idon yaro ba."

"Yaran da ka yi wa bindiga yanzu sun yi furfura. Gilashi muke harbi."

"Leƙa ƙasa, 'yar jami'a. Me kika gani?"

Ba ta leƙa ba, ta san abin da ke ƙasa: kawunan mutane cike da titi, mata da kekunan jarirai, tsofaffi masu tura kwali.

"Ba a koya mana barin rami a tankin iska ba," ta ce.

"Da an koya miki komai, da ba gilashin waya kike mannawa ba."

Maganar ta shige ta. Ta taka famfon, ta buga talatin maimakon ashirin, ta zura kibiya, ta danne ramin da babban yatsa, ta saki bawul ɗin da kanta. Ƙarar ta sa tantabaru suka tashi daga rufin maƙwabta. Kibiyar ba ta kai ko tsakiyar titi ba. Soson ya dare gida biyu a bakin bututu, kan robar ya yi nasa waje, ragowar ta sauko tana juyi kamar gashin kaza.

Wannan karon Kawu Kam ya yi dariya, tarin ya biyo baya, har Mama ta bugo katakon daga ɗakinsu.

"Lok-yi! Kashe tsohon nan kike son yi, ko 'yan sanda kike kira mana? Jifa daga bene laifi ne, ba ni na ƙirƙira ba!"

Da tarin ya lafa, ya miƙa wa Lok-yi hannu ta ba shi ruwan zafi.

"Soso ba ya son mari," ya ce. "Rakiya yake so. Ki bar min ramina, ki ƙara wa bututun tsawo. Iska kaɗan, amma ta daɗe tana tura shi."

Ta buɗe baki za ta yi gardama, sai lissafin ya juya a kanta ya zauna daidai. Ta tsuke baki ta ɗauki jakarta.

"Ban ce kana da gaskiya ba."

"Ban tambaye ki ba. Ki sayo mai santsin ciki."

Bututun da ta sayo ya fi ɗakin tsawo. Sai da suka buɗe ƙofa, gindin bindigar da tankin da famfon suka koma lungun da kowa yake bi zuwa banɗaki, bakin kuma ya leƙa waje a kan ƙarafan shanya. Duk mai fita sai ya tsallaka, kowa kuma da abin da yake faɗi. Kwana huɗu suna gwadawa a kan allon tallar da ke ƙasan tagar gidan tsofaffin. A rana ta huɗu kibiya ta manne a allon. Kawu Kam ya ɗaure bututun da waya a inda yake, ya cusa masa tsinken cin abinci guda biyu a ƙasa don ya ɗaga kaɗan.

A lokacin ƙafafunsa sun kumbura, kunun shinkafa ma cokali uku yake sha.

"Gobe za ki tsallaka ki juya mata keken," ya ce. "Suna ajiye ta tana kallon bango."

"In na tsallaka wa zai buga famfo?"

Duka biyun suka kalli katakon da ya raba ɗakunan.

"Kada ku ma fara," in ji Mama daga can.

Washegari ƙarfe uku Lok-yi tana tsaye a hawa na uku, hannunta a kan keken Goggo Fung. Wurin yana warin maganin goge ƙasa da dafaffen kabeji, talabijin yana ta surutu ba mai kallo. Tsohuwar ta rame, hannuwanta a kan cinya, idanunta ba su tsaya kan komai ba. Lok-yi ta juya ta ta fuskanci titi. Can sama ta hango bakin bututun, da farar singiletin Kawu Kam. A waya kuma tana jin Mama tana haki tana ƙirga bugun famfo.

"Sha bakwai... in na mutu a nan ki gaya wa kowa ke ce... sha takwas..."

Ta farko ta wuce ta gefe. Ta biyu ta bugi gilashin ta faɗi. Goggo Fung ba ta ko ƙifta ba. Lok-yi ta ji tarin Kawu Kam a waya, dogo, har ta ɗauka ya ƙare ke nan.

"Sauran ɗaya," in ji Mama, muryarta ta sauya. "Hannunsa rawa yake. Na riƙe masa."

Ta ukun ta zo ta manne, daidai tsayin fuskar tsohuwar, jelarta tana rawa.

Goggo Fung ta ɗago. Ta daɗe tana kallon da'irar jan robar da ta baje a jikin gilashi. Sannan ta matso da fuska har numfashinta ya yi hazo a wurin, ta runtse ido ɗaya, ta bi gefen da'irar da farce.

"Akwai kumfa a bakin," ta ce, da murya mai kaifi irin wadda Lok-yi ba ta taɓa ji daga gare ta ba. "Ga shi nan. A mayar wa Dogo. A ce masa in bai iya ba ya bari."

Ta koma ta jingina. Idanunta suka sake watsewa.

Lok-yi ta hau benen nan bakwai ba tare da ta tsaya ba. A hanya ta yi tunanin ta gyara maganar, ta ce Goggo ta yi murmushi, ta ce ta ɗaga hannu. Da ta shiga ta ga yadda yake kallonta, sai ta faɗa masa yadda aka faɗa, kalma da kalma.

"Dogo ta ce?"

"Dogo."

"In bai iya ba ya bari?"

"Haka ta ce."

Ya rufe ido, kafaɗunsa suna motsi ba sauti.

"Haka take kirana a masana'anta. Ita ke duba kaya kafin su fita," ya ce. "Wanda ya wuce ta ajiye a dama, wanda bai wuce ba ta tura hagu. Shekara ashirin da shida, ba ta taɓa ajiye nawa a dama karon farko ba. Muguwar mata." Ya buɗe ido. "Miƙo min ƙarfen zubin. Da sampepar gogewa, mai laushin."

"Kawu, ka kwanta."

"An dawo min da kaya, kina cewa in kwanta?"

Kwana biyu ya yi a kan ɗan ƙarfen da yake zuba kawunan roba a ciki, wanda bai fi murfin kwalba ba. Ya goga, ya huta, ya hura, ya sake gogawa. Lok-yi ta dama masa robar, ya ce ta yi sauri da yawa, shi ya sa kumfa ke shiga. Ta ce ai ta sani. Ya ce da ta sani da ba ta yi ba. Suka zuba, suka ajiye a kan taga ya bushe.

Da safe ran Alhamis, Mama ce ta fara lura. Tana zuba shayi sai ta tsaya da butar a sama.

"Ban ji tari ba," ta ce.

Sun same shi a zaune, ya jingina da bango, gilashin idonsa ya zamo kan hanci. 'Yan sanda suka zo suka yi tambayoyinsu, ɗaya ya kalli bututun da ya toshe lungu ya tambayi ko na mene ne. Lok-yi ta ce na shanya ne, ta tsaya a gabansa har ya rubuta. Masu ɗaukar gawa suka sha wuya a kwanar kowane hawa, don matakalar ba ta ɗaukar mutum a kwance. A tsaye suka sauko da shi. Mai gida ya iso kafin motar ta tashi, ya tsaya daga nesa yana waya.

Ran Asabar Lok-yi ta tsallaka. Ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta tare ta a ƙofa ta ce kada a faɗa wa Goggo, ba a kai wa mai shekaru irin nata irin wannan labari.

"Ba labari na kawo ba," in ji Lok-yi. "Kaya na kawo."

Ta durƙusa gaban keken, ta buɗe tafin tsohuwar ta sa mata sabon kan robar. Ita da kanta ta ɓare shi daga ƙarfen a safiyar, Kawu Kam bai gan shi ba.

"Daga Dogo. Ya ce ya gyara."

Goggo Fung ta ɗaga shi sama wajen haske. Ta juya shi a hankali, ta bi bakinsa da farce har ta zagayo, ta lanƙwasa shi ta saki. Ta sake zagayawa. A gabanta akwai ɗan tebur mai kofin ruwa da rabin lemo. Ta ture kofin da bayan hannu, ta ajiye kan robar a dama, ta mayar da hannuwanta kan cinya tana jiran na gaba.