Inda Zarami Yake Kwana

Masunta arba'in da biyu, wai duk a gindin tsamiya ɗaya suke kwana! Abin da na tarar ke nan da na buɗe kwamfuta ranar Talata.

Sunana Deborah, ina koyar da kwamfuta a Haɗejiya. Ƙungiyar masuntan wajen Auyo ce ta roƙe ni in haɗa mata rajistar lambobin waya, don in ruwa ya taso a tura wa na cikin kwari saƙo su tashi kafin ya iso su. Abu uku kacal na nema: suna, lamba, da inda mutum ke kwana lokacin kamun kifi. Amma kowa ya rubuta "tsamiyar bakin kasuwa". Na san tsamiyar nan, ko akuya goma ba za ta yi wa inuwa ba. Haushi ya kama ni, amma son jin dalili ya fi haushin.

Na hau mashin na je na samu dattijonsu, Baba Zarami, yana ɗinkin koma.

Na ce, "Baba, ku arba'in da biyun nan, a kan reshe kuke kwana ko a ƙasa?"

Ya yi dariya har da tari. "Malama, wa zai karanta abin nan?"

"Sakatarenku, Gwadabe."

"To! Gwadabe mai kwalekwale uku. In ya san inda nake kwana, ya san inda nake samun kifi. Washegari in tarar ya riga ni."

"Amma in ban san inda kake ba, yaya zan san ranar da zan ce ka tashi? In na dinga tura wa kowa saƙo kullum, daina dubawa za ku yi."

"Wannan kuma aikinki ne."

Kwana biyu ina fama na sake tsarin. Yanzu suna da lamba kawai Gwadabe yake gani. Wurin kwana na kulle shi, na'ura ce ke dubawa ta tura saƙon. Na koma na nuna wa Baba a wayata.

Ya ce, "Ke fa, kina gani?"

"Ina gani, ba zan yi maka ƙarya ba."

"Maigidanki yana su?"

"Elisha? Ko ƙugiya bai iya ɗaurawa ba."

Ya ajiye komar.

"Ni na iya ruwa," in ji shi. "Damuwata Ummussalma ce, matata. Tana bi na can tana bandar kifi, ga ƙafarta ta fara ciwo."

Ya waiga dama da hagu, ya matso, ya raɗa mini wurin. Ashe nan ne inda ruwa ke fara cinyewa.

"Shekara ashirin, ko ƙanena bai sani ba. Rubuta, Malama."

Na rubuta.